Bugun Tazara Ya Zama Garkuwar Ƙwaƙwalwar Yara A Ingila

Tun daga kakar wasanni ta 2024/25, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila ta haramta wa yara 'yan ƙasa da shekara 9 sa wa ƙwallo kai da gangan a wasanninsu, kuma ta tsara dokar za ta kai ga 'yan ƙasa da shekara 11 a kakar 2026/27. Duk yaron da ya karya ta, alƙalin wasa zai bai wa abokan hamayya bugun tazara mai falan biyu, wato wanda ba ya zama ci sai wani ɗan wasa ya taɓa ƙwallon kafin ta shiga raga.

Dalilin matakin shi ne lafiya. Binciken Jami'ar Glasgow na 2019 ya gano cewa haɗarin mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ga tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Scotland ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku da rabi. Amurka ta riga Ingila, domin ta kafa irin wannan doka a 2015.

Hikimar hukuncin tana cikin sassaucinsa. Ba fenareti ba ne, saboda haka yaro zai gane kuskurensa ba tare da an ɗora masa alhakin shan kaye ba.

Sai dai nauyin ya koma kan alƙali, wanda sau da yawa matashi ne mai koyon aiki. Shi zai rarrabe, cikin ƙiftawar ido, tsakanin ganganci da ƙwallon da ta faɗo wa yaro a ka. Idan iyaye da masu horarwa suka riƙa yi masa ihu daga gefen fili, zai fara kawar da kai, dokar kuma ta zama ta takarda kawai.