Titin Dandume Zuwa Legas Ma Titi Ne



Duk lokacin da aka tayar da zancen hanyar da ta haɗa Arewa da Kudu, hankalin kowa titin Abuja zuwa Kano yake tafiya, mai tsawon kimanin kilomita 375, wanda aka ba da kwangilar gyaransa tun 2017. Ba mu ƙi ba, titi ne babba, ya ratsa Kaduna da Zariya, manya kuma a kansa suke bi. Amma mu a Dandume muna da namu, wanda ba kasafai ake tuna shi ba.

Ya taso daga Funtuwa, ya ratsa garinmu, ya shiga Birnin Gwari, ya bi ta Tegina ya sauka Mokwa. Daga nan sai gadar Jebba a kan Kwara, sai Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, har Legas. Masara da dawa da waken suya da aka loda a kasuwar Dandume sukan ƙare a Bodija ta Ibadan ko a kamfanonin abincin kaji na Kudu, motocin kuma su juyo da manja da goro. 'Yan uwanmu da ke Sabon Ibadan, unguwar da ta haura shekara ɗari, fatauci tsakanin Arewa da Kudu ne ya zaunar da su can.

A ganinmu, wannan titi na cikin masu yanke wa manomi farashi. Lokacin da 'yan bindiga suka addabi dajin Birnin Gwari, direbobi da yawa suka koma zagayawa ta Zariya da Kaduna. Tafiya ta ƙara tsawo, gas ya ƙaru, kwana a hanya ya ƙaru. Ɗan kasuwa ba ya yarda asara ta kwana a aljihunsa. Zai lissafa kuɗin mota, da na gyaran taya, da abin da za a miƙa a shingaye, sannan ya zabge su daga kuɗin buhu. Wanda ya sayi taki da tsada, ya yi noma ya yi girbi, shi ke biyan kuɗin ramin da bai haƙa ba.

Wani zai ce ai an yi sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, motoci sun fara komawa. Alhamdu lillahi. Sai dai sulhu ba ya cike rami, kuma inda tirela ke rarrafe, nan ɓarawo ke samun dama. A Mayun 2024 an buɗe tashar tsandauri a Funtuwa domin shigo da kaya da fitar da su. Ina amfanin rumbu idan babu hanyar kai masa hatsi?

Abin da muke nema a fili yake: a sake gina sashen Funtuwa zuwa Tegina, a kafa tsaro na dindindin, a rage shingayen karɓar kuɗi. Wakilanmu a majalisar tarayya su gaya mana nawa aka ware masa a kasafin kuɗi, nawa aka saki. Idan suka zo neman ƙuri'a, wannan ce tambayarmu ta farko.

Ku da ke Sabuwa, Faskari, Bakori da Malumfashi, yaya kuɗin mota yake taɓa farashin buhu a wajenku? Muna jiran ku a ƙasa.