A Tambayi Mazauna Ƙasan Ruwa

Dausayin Haɗeja da Nguru ya daɗe yana ciyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa na jihohin Jigawa da Yobe. Amma tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke wanke fadamun kowace damina ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Ga kuma dagwalon majemun Kano da ke kwarara cikin kogin Challawa, wanda daga bisani yake zama kogin Haɗeja. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka wajibi ne hukuma ta riƙa sanin lafiyarsa a kai a kai.

Hanyar da aka saba ita ce a ɗebi ruwa a kwalba a kai ɗakin bincike. Wannan yana da amfani, sai dai halin ruwan na ranar kaɗai yake nunawa. Gubar da ta wuce makon jiya ba za ta fito a kwalbar yau ba. To, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsutsotsi da katantanwa da matsattsaku da 'ya'yan ƙwari da ke zaune cikin laka ba sa iya yin nisa, suna nan wata da watanni. Akwai masu jela uku waɗanda ba sa jure ƙarancin iskar oksijin, ruwa na ɓaci sai su ɓace. Akwai kuma jajayen tsutsotsi masu jure ƙazanta. Inda aka tarar da waɗannan jajaye sun cika laka su kaɗai, lalle akwai abin dubawa.

Wannan ilmi ba sabo ba ne. Masana a Jamus sun fara tsara shi tun 1908. A Ingila ana ba kowane dangin halitta maki daga 1 zuwa 10, gwargwadon rashin jurewarsa. Sai dai bai kamata a kwafo ma'aunin Ingila kai tsaye ba, domin don kogi mai gudu aka yi shi, ruwan fadama kuwa bisa ɗabi'arsa oksijin ɗinsa kaɗan ne. Afirka ta Kudu ta tsara nata ma'aunin, har ta sauƙaƙa shi yadda 'yan makaranta ke aiki da shi.

Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, tare da ma'aikatun muhalli da jami'o'in yankin, su tsara ma'aunin da ya dace da fadamun ƙasar nan. Kayan aikin ba su wuce koma mai ƙananan idanu da farin faranti da gilashin ƙara girma ba. A keɓe wurare, ɗalibai su riƙa auna su rani da damina, a ajiye sakamakon. Tun 2000 aka sanya tabkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Wannan martaba amana ce, kuma ba a riƙon amanar abin da ba a san halin da yake ciki ba.