Duniyar Kimiyya: Yadda Saƙo Ke Tashi Daga Imel Ya Sauka a Wayar da ke Ƙasar Waje

Yau za mu ɗauki wata tambaya ce mai kama da wasa, amma amsarta na da faɗi: shin mutum zai iya zama gaban kwamfuta, ya buɗe akwatinsa na imel, ya rubuta saƙo, saƙon ya je ya sauka a matsayin tes a wayar wani da ke wata ƙasa?

Kada mu ce ai zamanin WhatsApp ne, wa ke neman tes? A ce kakarmu ta tafi aikin Hajji da ƙaramar wayarta mai tocila, ta sa layin Saudiyya. Ko kawunmu direban babbar mota ne da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Agadas, wayarsa ba ta san data ba. Mu kuma muna makarantar kwana inda doka ta hana riƙe waya, abin da muke da shi kawai ɗakin kwamfuta. A irin wannan hali tambayar ta zama ta gaske.

Amsar a taƙaice ita ce eh, ana iyawa. Sai dai dole a bi ta kan wata gada, kuma gadar nan akwai mai biyan kuɗinta.

Gidajen waya biyu ne daban

Imel da tes ba hanya ɗaya suke bi ba. Imel ɗan intanet ne. A shekarar 1971 wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma shi ne ya zaɓi alamar @ domin raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. Har yau haka adireshin imel yake: suna, sai @, sai gida.

Shi kuwa tes ɗan kamfanin waya ne, adireshinsa lambar waya. Wayarmu kullum tana cikin magana da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, ko da ba kira muke yi ba. Ta wannan siririyar hanya ce take sanar da kamfani inda take, ta nan ne kuma ake gaya mata kira ya shigo. Injiniyoyi suka lura cewa hanyar na zama babu kowa a mafi yawan lokaci, sai suka ɗora mata gajeren saƙo. Shi ya sa tes ba ya buƙatar data. Idan muka tura, sai ya fara sauka a cibiyar saƙonni ta kamfani. Idan wayar da aka nufa a kashe take, cibiyar za ta ajiye shi na wani lokaci tana sake gwadawa, har a kunna wayar ko wa'adinsa ya cika.

Wani abin sha'awa shi ne, tes na farko a duniya daga kwamfuta ya fito. Ranar 3 ga Disamba, 1992, a Ingila, wani matashin injiniya ɗan shekara 22 mai suna Neil Papworth ya rubuta gaisuwar Kirsimeti a kwamfuta, ya tura wa Richard Jarvis na kamfanin Vodafone a wayarsa. Wayoyin lokacin karɓa kawai suke iyawa. Mu a Najeriya sai a 2001 layukan GSM suka fara aiki.

Ina gadar take?

Tunda hanyoyin biyu ne, sai an samu wata kwamfuta da ƙafarta ɗaya ke intanet, ɗaya kuma ke cikin gidan kamfanin waya. Ita ce muke kira gada. Aikinta ta karɓi imel, ta duba lambar wayar da aka rubuta kafin alamar @, ta cire rubutun, ta zubar da hotuna da sauran ado, ta miƙa wa cibiyar saƙonni a matsayin tes.

A Amurka aka fi sanin wannan tsari. Manyan kamfanonin waya na can sun buɗe irin wannan gada kyauta. A lokacin, mai son tura wa wanda ke kan layin Verizon yakan rubuta lambobin wayar guda 10, ya sa @, ya biyo da vtext.com. Na AT&T a lokacin shi ne txt.att.net, na T-Mobile kuma tmomail.net. Daga ko'ina a duniya mutum yake, imel ɗinsa zai isa gadar, domin imel bai san iyakar ƙasa ba.

Amma akwai sharuɗɗa uku. Sai mun san lambar, sai mun san kamfanin da lambar take kai, sai kuma kamfanin yana da gada a buɗe. Na biyun nan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin yanzu mutum na iya sauya kamfani ya tafi da lambarsa. A Najeriya an fara wannan tsari a 2013, saboda haka ganin lamba ta fara da 0803 bai isa ya tabbatar mana da kamfaninta ba.

Wa ke biya?

Me ya sa Amurka ta samu gada kyauta, mu ba mu saba jin labarinta a nan ba? Amsar tana wurin kuɗi. A can, shekaru da dama tsarinsu shi ne mai karɓar tes ma yana biya, ko dai kan kowane saƙo ko cikin kuɗin wata. Don haka kamfani ba ya asara idan ya bar ƙofa a buɗe, domin mai layin ya riga ya biya. A Turai da Afirka kuwa mai aikawa ne ke biya, karɓa kyauta ce. To shi mai imel ba shi da layi a kamfanin, ba shi da kati da za a cira. Wa za a caja? Shi ya sa yawancin kamfanonin ɓangarenmu ba su bar irin wannan ƙofa a buɗe ga kowa ba.

Can Amurkar ma ƙofar ta fara rufuwa. Duk abin da aka ce kyauta ne kuma ba a tambayar sunan mai shiga, masu talla da 'yan damfara ne ke fara cika shi. Mutum ɗaya na iya tura dubban saƙonni cikin minti kaɗan ba tare da ya kashe ko sisi ba. A watan Yunin 2025 kamfanin AT&T ya rufe gadarsa. Ashe dai gaskiyar Bahaushe ne, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya rage mai aiki sosai shi ne gadar kuɗi. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kamar Twilio da Infobip da Clickatell. Su dillalai ne: sun ƙulla yarjejeniya da kamfanonin waya a ƙasashe da yawa, suna sayen saƙo a sari suna sayarwa. Mutum zai buɗe asusu, ya zuba kuɗi, sannan ya riƙa turawa daga shafinsu, ko daga imel ɗinsa idan sun tanadi hakan. Farashi ya danganta da ƙasar da saƙon zai sauka. Ta irin wannan hanya ce alat na banki ke zuwa, da lambar sirrin da Facebook ko Google ke turo mana, da sanarwar da wasu makarantu ke aika wa iyaye. Duk kwamfuta ce ke rubuta su. Tunda harka ce ta katin banki da rajista, aikin manya ne. Ɗalibin da ke da buƙata sai ya nemi malamin kwamfuta ko iyayensa.

Akwai kuma wani shinge a nan gida. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba masu waya damar toshe saƙonnin talla ta hanyar lambar 2442. Wanda ya kunna wannan, saƙon da ya biyo ta hanyar masu talla na iya ƙin shiga wayarsa, ko da gaisuwa ce daga ɗan'uwa.

Lambar ƙasa

Kuskuren da ya fi yawa wajen tura saƙo waje shi ne rubuta lamba. Kowace ƙasa na da lambarta da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ware mata. Najeriya 234, Nijar 227, Gana 233, Kamaru 237, Cadi 235, Sudan 249, Saudiyya 966, Birtaniya 44, Amurka 1. Sifilin da ke farkon lambobinmu na cikin gida ne kawai, idan za a tsallaka iyaka sai a cire shi. Lambar da ta fara da 0803 za ta koma +234803, sauran su biyo baya. Lambobin Nijar guda 8 ne kuma ba su da wannan sifili na gaba, don haka 227 kawai za a ɗora musu. Lamba ɗaya ta kuskure, saƙonmu ya tafi wayar baƙo, kuɗin kuma an riga an cire.

Haruffa 160 ko 70?

Nan ne lissafi ya shigo, kuma nan ne abin ya shafi Hausa kai tsaye. A tsakiyar shekarun 1980, wani Bajamushe mai suna Friedhelm Hillebrand, wanda ke cikin masu tsara GSM, ya zauna da tafireta yana buga jimloli yana ƙirga haruffansu. Ya ga yawancinsu ba su wuce 160 ba, sai aka tsaya a kan wannan adadi.

Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, kowane guda ana ce masa bit. Tes ɗaya na ɗaukar bit 1,120. A jerin haruffan GSM na asali, kowane harafi na cin bit 7. Mu raba 1,120 gida 7, za mu samu 160. Jerin nan ya ƙunshi baƙaƙen Turanci da wasu na Turai, irin su é na Faransanci. Amma ɓ da ɗ da ƙ ba sa ciki, haka ma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari da kowane harafi ke cin bit 16. Mu raba 1,120 gida 16, amsa 70. Haka abin yake ga rubutun Larabci da ajami da 'yan fuskokin nan na dariya da kuka.

Idan saƙo ya wuce iyaka, sai a yanka shi gida-gida, kowane yanki a manna masa alamar da za ta nuna shi ne na nawa, domin wayar mai karɓa ta iya haɗa su. Alamar na cin bit 48, saboda haka kowane yanki ya koma haruffa 153, ko 67 idan akwai harafi mai ƙugiya. Misali, saƙo mai haruffa 150 ba ƙugiya saƙo ɗaya ne. A sa masa ƙ guda ɗaya tak, ya zama uku, kuɗi ma ya ninka uku. A tuna, filin da ke tsakanin kalmomi shi ma harafi ne a wannan ƙidaya.

To mu bar ƙugiya ke nan? A littafi da jarrabawa, a'a, ƙa'idar rubutu ƙa'ida ce. A tes zuwa ƙaramar waya kuwa, wasu wayoyin ba su ma san haruffan ba, 'yan akwatuna ko alamar tambaya za su nuna. Idan dole ta sa mun cire ƙugiya, sai mu sake karantawa da kyau, domin baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban. Inda ma'ana za ta rikice, a sauya kalma.

Hattara ɗalibai

Saƙon da ya bi ta gada kamar wasiƙa ce da ba ambulan. Ya ratsa kamfanin imel, ya ratsa dillali, ya ratsa kamfanin waya. Kada mu taɓa rubuta lambar sirrin banki ko wani sirrin gida a ciki.

Na biyu, a irin wannan hanya mai aikawa na iya sa suna maimakon lamba, har haruffa 11. Shi ya sa alat ke zuwa da sunan banki, kuma shi ya sa ba a iya mayar masa da amsa. Idan mun tura wa kaka saƙo ta nan, mu rubuta sunanmu a ciki, mu kuma faɗa mata lambar da za ta kira.

Wannan damar ta sa suna ita ce 'yan damfara ke nema. Ganin sunan banki ko na hukumar jarrabawa a saman saƙo ba hujja ba ce. Wanda ke taya iyayensa tsaron shago, idan an nuna masa alat, ya duba asusun da kansa kafin ya miƙa kaya. Saƙon da ya ce mun ci tallafin karatu a ƙasar waje, mu latsa wani adireshi ko mu turo kuɗin fom, a kai wa malami ya gani tukuna. Lambar sirrin da aka turo wa wayarmu kuwa tamu ce mu kaɗai, duk wanda ya kira ya ce a karanto masa ita, ɓarawo ne ko da muryarsa ta fi zuma daɗi.

Aikin gida

Ga saƙo mai haruffa 200. Gida nawa za a raba shi idan babu harafi mai ƙugiya? Gida nawa kuma idan akwai ɗ guda ɗaya? A nuna yadda aka yi lissafin. Sannan kowa ya ɗauki lambar wani ɗan'uwa, ya rubuta ta a littafinsa yadda wanda ke Yamai ko Makka zai buga ta. Za mu kawo amsar lissafin a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu.