Yarjejeniyar Taba Sigari: Daga Teburin Geneva Zuwa Teburin Ƙofar Makaranta

A watan Nuwamban 2025 wakilan ƙasashe suka hallara a Geneva domin zama na 11 kan yarjejeniyar taƙaita shan taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya. An amince da ita a 2003, ta fara aiki a 2005, kuma Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi duk suna cikinta.

Mai karatu zai ce ina ruwanmu da taron Turai? Hukumar ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na masu shan ta suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne. Da kasuwa ta yi wa kamfanonin taba ƙunci a Turai, sai suka juyo kan matasan Afirka.

Abubuwa uku ne suka fi shafarmu. Sashe na 16 ya hana sayar wa yara taba, ya kuma nemi a daina sayar da ita kara-kara, domin kara ɗaya shi ne daidai aljihun ɗalibi. Sashe na 5.3 ya ce a nisanta kamfanonin taba daga tsara manufofin lafiya. Ba a ba kura ajiyar nama. Sai yarjejeniyar yaƙi da fasa-ƙwaurin taba da ta fara aiki a 2018, wadda ta shafi Nijar kai tsaye, ganin yadda aka daɗe ana bi da sigari ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Tabar fasa-ƙwauri ba ta biyan haraji, sai ta yi arha.

Nijar ta yi dokar taba tun 2006, amma har yau mai tebur na sayar da kara ɗaya kusa da makarantu, shisha kuma ta shiga fadojin samari. Sa hannu a takarda bai hana hayaƙi shiga huhu.

Kiyaye rai da dukiya na cikin manufofin Shari'a. Don haka ya dace limamai da ƙungiyoyin ɗalibai su tambayi hukumomi: wa ke wakiltarmu a waɗannan tarukan, me ya amince da shi da sunanmu, kuma yaushe za a aiwatar?

Allah Ya tsare mana zuri'a.