Mutum na 19 a fili: wa ya kamata ya ƙirga 'yan wasa?

A ranar Lahadi 16 ga Satumba, 2018, a filin wasa na Adelaide Oval da ke jihar Ostareliya ta Kudu, wata ƙungiya ta yi kusan minti 4 tana wasa da mutum 19, alhali doka ta ce 18. Ta ci wasan, aka bar mata nasarar, bayan mako guda kuma ta ɗauki kofi. Tun da na karanta labarin yake damuna, domin na taɓa ganin irinsa a filin makaranta.

Bari in fara da wasan kansa, tunda ba irin ƙwallon da muka saba ba ne. Ƙwallon Ostareliya mai siffar ƙwai ce, ana buga ta da ƙafa, ana kuma kama ta da hannu. Kowane ɓangare mutum 18 ne a fili, sauran suna benci ana musanya su. Wasan zango huɗu ne. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu: in ka buga ƙwallo ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya ka samu maki 6, in ta bi ta gefe maki 1. Ban da babbar gasar ƙasa, jihohi ma suna da nasu gasannin. Ta Ostareliya ta Kudu, wadda ake kira SANFL, an kafa ta tun 1877, kuma ƙungiyoyi 10 ne suka fafata a kakar 2018.

North Adelaide, wadda ake wa laƙabi da Zakaru, da ƙyar ta shiga zagayen neman kofi, domin ta biyar ta zo a teburi. A wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da Woodville-West Torrens, masu laƙabin Mikiya. Sai da Mikiya suka ba su ratar maki 47, amma Zakaru suka farfaɗo suka ci 100 da 95. To, a farkon zango na huɗu ne aka yi kuskuren musanya, Zakaru suka zama 19 a fili. A cikin waɗancan mintoci sun ci maki 8. Ratar ƙarshe kuwa maki 5 ce. Ko ɗan aji uku zai iya wannan lissafin.

Me ya hana a cire makin? A lokacin, dokar wasan ta ɗora wa kyaftin ɗin ɗaya ɓangaren nauyin ya nemi alƙalin wasa ya tsayar da wasa a jera 'yan wasa a ƙirga. In an samu ƙari a nan take, a nan ake hukunci. Mikiya ba su nemi ƙirgar ba kafin mutumin ya fice. Da maganar ta je gaban kwamitin ladabtarwa, wani tsohon alƙalin babbar kotun jihar, Michael David, ya same su da mummunan sakaci. Aka ci tarar North Adelaide dalar Ostareliya 10,000, aka kuma cire mata maki 4 daga kakar 2019, wato daidai da nasara biyu a tsarin gasar. Sakamakon wasan dai ya tsaya yadda yake. Ranar 23 ga Satumba, a gaban 'yan kallo sama da 40,000, Zakaru suka doke Norwood 124 da 105, kofinsu na farko tun 1991.

Ra'ayina shi ne an zalunci Woodville-West Torrens, kuma dokar ce ta zalunce su. Ku duba fa: an ce ɗan wasan da ke gudu, yana haki, idonsa na kan ƙwallo, shi ne zai lura cewa abokan hamayya sun ƙaru da mutum ɗaya a cikin makeken fili mai mutum 36. Ga alƙalan wasa, ga jami'an benci, ga kyamarori, amma nauyin yana kan wanda ake cuta. Haba! Ni malami ne, kuma a ɗakin jarrabawa ba mu taɓa ce wa ɗalibi shi zai kama mai satar amsa, in bai kama ba shi ke nan. Aikin mai sa ido ne, don haka aka ajiye shi.

Na san akwai masu cewa a yi wa Zakaru adalci. Ba a same su da yin abin da gangan ba. Sun rufe mafi yawan ratar nan da mutum 18 cif, da guminsu. Kuma babu wanda ya san yadda wasan zai ƙare da ba a yi kuskuren ba, domin ƙwallo ba lissafin allo ba ce. Duk na yarda. Shi ya sa ban ce a ƙwace nasarar a miƙa wa Mikiya ba. Abin da ya dace shi ne a sake buga wasan, ko da za a ɗaga wasan ƙarshe da 'yan kwanaki. Wahala ce ga masu shirya gasa, da masu tikiti, da gidajen talabijin, na sani. Amma 'yan wasan irin wannan gasa da yawansu suna da wasu ayyukan yi, atisaye sai da yamma bayan an tashi aiki. Wata shida suna wannan fama, sai a ce musu a yi haƙuri, za a rage wa wancan ɓangaren maki baɗi. Makin baɗi me zai yi wa wanda aka cire bana? Tarar ma ba aljihunsu ta shiga ba.

Shekarun baya na raka yaranmu wasan ƙwallo tsakanin makarantu. Bayan an ci mu, sai muka gano ɗaya daga cikin 'yan wasan wancan ɓangaren ya riga ya gama makaranta. Da muka kai ƙara aka ce ai kafin a busa usur ake kawo ƙorafi. A mota muna dawowa wani yaro ya tambaye ni: “Malam, wato in ba a kama ka da wuri ba, ka ci ke nan?” Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. Wannan ne abin da ke cikin haɗari a duk lokacin da aka bar irin wannan sakamako ya tsaya: yara suna kallo, kuma darasin da suke ɗauka ya fi na allo zama a kai.

A yaba wa mutanen Ostareliya a abu ɗaya: ba su ɓoye kunyar ba. Bayan wannan lamari an gyara dokar, aka ba masu gudanar da gasa damar duba irin wannan laifi bayan an tashi wasa su yi hukunci. Ga Mikiya dai ihu ne bayan hari, ko da yake a 2020 sun haɗu da North Adelaide a wasan ƙarshe suka doke ta, suka kuma sake ɗaukar kofin a 2021. Wasu za su ce an rama. Ni ban ga haka ba, domin kakar 2018 ba za ta dawo ba.

Kirana ga duk mai shirya gasa, ta makarantu ce ko ta unguwanni: tun kafin a fara, a rubuta wa ke da alhakin tantance 'yan wasa, a rubuta abin da za a yi in an gano laifi bayan wasa, a kuma bar rana ɗaya a jadawali domin maimaici. Zama ɗaya ya ishe ku ku rubuta wannan, kuma ya fi ku tsaya gaban yara kuna neman amsa.