Gidan Allen Da Ke Amsa Sunan Wani

Ya ku malamai da fatake, ga labarin wani gida a karkarar Surry, cikin Birjiniya ta Amurka. Arthur Allen, baƙo daga Ingila, attajirin taba, shi ya gina shi da jan bulo a 1665, zamanin da galibin maƙwabtansa ke zaune a gidajen katako. Bene ne, an fitar da shirayi ta gaba, matakala ta baya, har fasalinsa ya zama kamar gicciye. Kowane gefe da bututun hayaƙi uku a jere.

A 1676 mutanen Nathaniel Bacon, wanda ya yi wa Gwamna Berkeley tawaye, suka mamaye gidan 'yan watanni. Bacon bai taɓa zama cikinsa ba, amma har yau sunansa gidan ke amsawa, watau Bacon's Castle. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ganina wannan zalunci ne, domin mai gini ya fi mai ƙwace cancantar suna. Kuma in adalci ake nema, kada a manta da bayin da suka yi noman da ya riƙe gidan. Ɗakinsu na wajen 1830 yana nan tsaye kusa da benen. Wanda ya shiga benen bai leƙa ɗakin nan ba, rabin tarihi ya gani. Wassalam.