Wasiƙa daga Dakoro zuwa ga masu neman digirin digirgir a kan sankarar jini

Ƙannena likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji,

Na ji wasunku na shirin tafiya Yamai, wasu Dakar ko Faransa, don zurfafa bincike a kan sankarar jini. Allah ya ba da sa'a. Roƙona guda: tambayar da za ku shafe shekaru kuna bi, ku ɗauke ta daga gadon majinyatanmu.

A nan Dakoro, yaron da ya zo da zazzaɓi, jini ya ƙare masa, saifa ta kumbura, me ake fara cewa? Zazzaɓin cizon sauro, ko amosanin jini, ko tamowa. Galibi gaskiya ne. Amma wanda aka ƙara wa jini sau biyu, sau uku, bai farfaɗo ba, wa ya shafa jininsa a gilashi ya duba a madubin likita? Kafin a tura shi Maraɗi, daga can Yamai, iyaye sun sayar da bisashe, ciwo ya ci ƙarfinsa. Makiyayin da ya bi dabbobi arewa da damina kuwa, ba ya dawowa ranar da aka rubuta masa. Yara nawa ke ɓacewa a wannan hanya, kuma a wane zango? Wannan ya isa kundin digiri, har da saura.

Kada ku rena aikin ƙidaya. Denis Burkitt likitan fiɗa ne a Yuganda. A 1958 ya bayyana kumburin muƙamuƙin yara da yau ke ɗauke da sunansa, ya bi asibitoci yana zana taswirar inda ciwon yake. Ƙwayar cutar Epstein-Barr, a samfurin da ya aika Landan aka gano ta a 1964. Ciwon Burkitt yana bin inda zazzaɓin sauro ya yi katutu, kun ga ke nan ya shafe mu.

Ku koyi binciken ƙwayoyin gado, ban hana ba. Sai dai kada hannu ya manta ɗibar ɓargo, don ranar da na'ura ta tsaya shi za ku koma wa. Samfurin da za ku fitar waje, ku nemi yardar iyaye da Hausa, Fillanci ko Buzanci, sunanku kuma ya fito a takardar binciken.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi na buƙatar malamai. In kun gama, ku dawo.

Yayanku,
daga Dakoro